Ramin motocin Las Vegas ko jirgin ƙasa?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce tsakanin ramin motocin Tesla na Las Vegas da jirgin ƙasa wanne ya fi kwashe mutanen gari. Jirgi ne, kuma da nisa.

Shekarar da Allah ya nufe ni da sauke farali na shiga jirgin Masha'ir, mai zirga-zirga tsakanin Mina, Muzdalifa da Arfa. Ranar hawan Arfa muna tsaye a tashar Mina, jama'a ba masaka tsinke, har wata Hajiya dattijuwa a ayarinmu ta zauna kan jakarta ta ce ita ta sallama, azahar nan za ta same mu. Sai ga shi ya kunno kai, tarago 12, ƙofofi suka buɗe lokaci guda. Kafin ka ce kwabo wurin ya zama fili, ya kwashi mutum wajen 3,000. Da muka sauka Hajiya ta yi ta sa wa masu aikin tasha albarka da Hausa, su ba sa ji, suna ta murmushi. A 2010 aka buɗe layin, tsawonsa kilomita 18 ne kacal, tashoshi 9, amma an tsara shi ya ɗauki mutum 72,000 a awa ɗaya. Kuma a kan gada yake tafiya, ko taku ɗaya bai shiga ƙasa ba. Tarago ne ke yin aikin, da kuma hanyar da ba mai tare ta.

In ma rami kake so, duba layin Victoria na Landan. Faɗin raminsa kusan ɗaya da na Las Vegas, bai kai mita huɗu ba, amma lokacin fita aiki jirgi 36 ke wucewa a awa, kowanne da ɗaruruwan fasinjoji.

Na Las Vegas ɗin, kamfanin Boring na Elon Musk ne ya haƙa shi, aka buɗe a 2021 ƙarƙashin babban zauren taron birnin. Da farko kilomita 2.7 ne da tashoshi 3, ya ci dala miliyan 50 da ɗoriya. Zan ba shi haƙƙinsa, ya rage wa mahalarta taro doguwar tafiyar ƙafa zuwa kamar minti biyu. Amma tasi ce cikin bututu, kowace mota da direbanta da fasinja uku ko huɗu. A gwajin da aka yi an samu kimanin mutum 4,400 a awa, wato bai kai abin da jirgin Masha'ir ke ɗauka a sawu biyu ba. A Janairun 2022, lokacin baje kolin kayan fasaha na CES, bidiyo ya yaɗu na motocin sun yi layi cikin ramin. Goslo dai ya bi su har ƙasa.

Wannan lissafin da aljihuna na koye shi. Na taɓa tara kuɗin bas mai cin mutum 18 don haya, wani dillali ya yi min daɗin baki na koma kan ƙaramar mota mai sheƙi. Direba ɗaya, mai kusan ɗaya, fasinja huɗu. Balas bai taɓa cika ba, ban rufa shekara ba na sayar da ita da asara.

Ba ka tambaya ba, amma a yi hattara da 'yan kamasho masu yawo ofis-ofis da bidiyon kwamfuta, rami fes, fitilu shuɗi da ja, ba ko mutum ɗaya a layi. Ka tambaye su mutum nawa a awa ta ɓangare ɗaya, ba jimillar shekara ba. Ka tambaye su in mota ta mutu ko batirinta ya kama wuta cikin rami mai layi ɗaya, ta ina na baya za su fita, sannan mai keken guragu yaya zai hau. Nan za ka ga an fara kame-kame. Sa hannu kan takarda ma ba aiki ba ne. A 2018 magajin garin Chicago ya sanar da irin wannan ramin da zai kai mutane filin jirgin saman O'Hare cikin minti 12, daga baya maganar ta bi ruwa.

Ka zaɓi jirgi. In kuɗin gari bai kai ba, a ware wa manyan bas-bas layinsu su kaɗai, a sa shinge kar 'yan tasi su kutsa, kamar yadda Legas ta fara a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS.