Hattara da masu tallar "maganin baƙin tukunya" na murhun gas da risho

Jama'a dan Allah a kula. Akwai wasu da suka cika soshiyal midiya da tallar wani ɗan ƙarfe mai maganaɗisu da ake maƙalawa a tiyon gas, wasu kuma hoda ce ko wani ruwa a 'yar kwalba a ce ka ɗiga a tankin risho, wai yana ƙara wa wuta oksijin ta daina baƙanta gindin tukunya kuma gas ya daɗe bai ƙare ba. Wallahi damfara ce, kuma abin da ya fi damuna ba asarar kuɗin ba ne, ana iya rasa rai a kai.

Ita kunkunniyar nan da ke manne wa tukunya ba komai ba ce illa kabon ɗin da ke cikin gas ko kananzir wanda bai samu isasshiyar iska ya ƙone ba. In zafi ya farfasa man a inda oksijin ya yi ƙaranci sai kabon ya dunƙule ya zama ƙananan ƙwayoyi, su ne suke yin jajir a cikin wutar har ka ga harshenta ya koma ruwan ɗorawa, da sun taɓa gindin tukunya mai sanyi sai su lafe a nan. In kuwa iska ta gauraya da gas ɗin tun kafin ya kama, wutar shuɗiya za ta fito tas ba hayaƙi. Wannan ba sabon ilimi ba ne, tun wajen 1855 masanin kimiyya Robert Bunsen a Jamus ya yi murhun ɗakin gwaji mai 'yar ƙofar iska a gindi, kuma a kan dabarar nan murhun gas yake aiki har yau. Oksijin kashi 21 cikin 100 ne kawai na iskar da muke shaƙa, shi ya sa lita 1 ta gas ɗin furofen, wato ɗaya daga cikin ire-iren gas ɗin girki, ke buƙatar iska wajen lita 24 kafin ta ƙone sarai. To ta ina maganaɗisun da ke bayan tiyo zai samo wannan iskar? Ko taɓa gas ɗin ba ya yi, kuma gas ba ƙarfe ba ne balle ya ja shi.

Ku ƙura wa bidiyon nasu ido sosai. Da farko za a nuna wuta tana ci ja tana lilo, tukunya ta yi baƙi ƙirin, amma ba za su taɓa nuna maka ƙasan murhun ba, don a nan suka toshe ƙofar iska da takardar foyil ko salatif. Sai kyamara ta koma kan hannun da ke ɗaura ƙarfen a tiyo, ɗaya hannun kuma ya zare toshiyar, a dawo kan wuta ta zama shuɗiya, shikenan mutane su yi ta tura kuɗi.

Masu hodar sun fi muni. Akwai sinadaran jan ƙarfe da in suka shiga wuta suke rina ta ta koma shuɗiya-shuɗiya ko kore, launi kawai aka canza ƙonewar na nan yadda take. Alhali launin nan na ɗorawa shi ne yake sanar da kai wutar ba ta samun iska, kuma wutar da ba ta samun iska tana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, sai dai mutum ya ji ciwon kai da jiri da kasala ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, a rufaffen ɗaki wani daga nan ba ya tashi. Ruwan kwalbar kuma ba ka san me ke ciki ba, in fetur ne aka surka to ka sani kananzir sai ya ɗumama ya kai wajen digiri 38 a ma'aunin Celsius turirinsa ke kama wuta, shi kuwa fetur ko a sanyin da ya wuce na firiza yana kamawa, ɗan kaɗan a tankin risho ya isa ya tashi da wuta a fuskar mai girki.

In wutarku tana baƙanta tukunya ku kashe, ku bari murhun ya huce, ku cire kan murhun ku wanke shi da tsohon buroshin haƙori, a tsokace ƙananan hujojin da allura, a leƙa ƙofar iskar ko yanar gizo-gizo ko maiƙo ya toshe ta, sannan a mayar da murfin ya zauna daidai don ko karkacewa kaɗan ya yi wutar za ta yi ja. Na risho a datse lagwani ya zo kai ɗaya, kar a ɗaga shi sama da yawa, a goge gwangwanayen nan masu huji. Taga kuma a buɗe take duk lokacin girki. In an yi duk wannan bai gyaru ba a kira mai gyaran murhu ya duba bakin da gas ke fitowa da ragiletan silinda, kar a ci gaba da amfani da shi sai ya duba.