Wata biyar muna kai Auta wurin Anti mai kwandon kayan wasa

Da ƙafata na je, amma raina cike da gardama. Wata nas a asibitin unguwarmu ce ta rubuta mini lambar wurin wata mai duba tunanin yara a bayan katin awo, ranar da ta ga ɗana Auta ya ƙanƙame zanena yana makyarkyata don kawai an cinna wa shara wuta a bayan katanga.

Shekararsa huɗu. A watan Janairun 2025, cikin hunturu, tukunyar gas ta kama da wuta a ɗakin maƙwabciyarmu, a gidan hayar da muke zaune a unguwar Aboabo, cikin Kumasi ta Ghana. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi, ɗaki uku ne suka tafi. Ni na fito da shi a kafaɗa, ba takalmi ba mayafi. Tun daga daren yaron ya sauya. Fitsarin kwance da ya bari shekara guda ya dawo, in an hura gawayi sai ihu, ko bayan gida zan shiga yana bakin ƙofa yana bugawa. Da kasuwar Adum ta ƙone ranar 21 ga Maris, cikin azumi, kowa a tsakar gida da bidiyon wutar a wayarsa, sai ya shige ƙarƙashin gado bai fito ba har aka sha ruwa.

Da surukata ta ji inda za mu, cewa ta yi, "So kuke ku kai mini jika Ankaful?" Ankaful asibitin masu taɓin hankali ne, kuma a wurinta duk mai duba tunanin mutum, likitan mahaukata ne. Rubutu da tofi dai tana ba shi, kuma har yau ba mu daina ba. Ita ma mai wurin ba ta taɓa cewa a daina ba.

Wurin ɗaki biyu ne a saman wani shagon magani. Tabarma, kujeru uku, kwandon kayan wasa, sai takardar lasisinta daga Ghana Psychology Council, hukumar da ke ba masu wannan aiki izini, a jikin bango. Wannan takarda ita zan ce kowa ya fara dubawa, don a garin nan masu kiran kansu mashawarta sun fi a ƙirga. Auta yana ce mata Anti, ita kuma tana ce mini Hajiya, kamar yadda Tonawa, wato mutanen Asante, ke kiran duk matar zango, alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba.

Zama biyu na farko ni kaɗai ta ce in zo, abin da ya ba ni haushi, tunda ba ni ce mai fitsarin kwance ba. Ba ta tambaye ni laifin yaron ba. Tambayarta ita ce me idonsa ya gani a daren, me kunnensa ya ji, a hannun wa yake. Daga nan ta ce, "Ke fa, Hajiya, kina barci?" Na buɗe baki in ce lafiya lau, sai hawaye. Wata uku ina tashi sau uku sau huɗu cikin dare ina shinshina tukunyar gas, ban gaya wa ko maigida ba. Ta ce ƙaramin yaro a fuskar uwarsa yake duba ko akwai hatsari, in ya ga a firgice take, duk lallashin duniya ba ya shigarsa. Ta ce salon aikinta daga San Faransisko ta Amurka ya samo asali, an tsara shi don yara daga haihuwa zuwa shekara biyar, kuma a cikinsa ba a raba yaro da mai renonsa, tare ake zama.

Zama na biyar ne ba zan manta ba. Auta ya jera akwatunan ashana ya yi gida, ya sa 'yar tsana a ciki, ya ɗauko jan ƙyalle ya rufe, ya rushe, ya sake ginawa. Sau shida na ƙirga. A gida da tuni na daka masa tsawa, don ni gani nake mugun fata ne. Anti ta ɗaga mini hannu a hankali, ta ce da shi, "Wuta ta zo. Yaron nan ya ji tsoro sosai." Ya tsaya cak yana kallona. Ta ce ni zan ƙarasa, da Hausa. Muryata na rawa na ce, "Wuta ta zo, ka ji tsoro, ni ma na ji tsoro. Na ɗauke ka muka fita. An kashe wutar." Ya ɗauki 'yar tsanar ya ɗora ta a cinyata. Wata huɗu ina ce masa "ba komai, manta kawai", ashe yaron jira yake wani babba ya yarda cewa abin ya faru.

Sauran aikin a gida ne, kuma ba wani abin mamaki. Na daina sulalewa in fita yana barci, ina gaya masa zan je kasuwar Kejetia, zan dawo bayan la'asar, kuma in dawo ɗin. Wanka, addu'a, kwanciya, kullum lokaci ɗaya. Gawayi kuwa daga nesa muka fara, yana kan cinyar babansa, har ya kai yanzu shi ke miƙo mini mafici.

Inda wurin ya gaza, ba zan rufe ba. Anti ba ta jin Hausa, Tonanci da Turanci take yi. Ni na tashi a Kumasi, ba ni da matsala, amma ranar da surukata ta yarda ta raka mu, ni na zama tafinta, kuma akwai maganar da suruka ba za ta faɗa ta bakin matar ɗanta ba. Sai kuɗi. Sidi 200 kowane zama, ba sa karɓar katin inshorar lafiya, ga kuɗin mota zuwa da dawowa. Sarƙar aurena na sayar. Sau biyu kuma muka yi zaman jira fiye da awa guda da yaron da ba ya son baƙon wuri, yarinyar da ke kan tebur ko sannu.

Ga mai ƙaramin yaro da ya ga gobara ko hatsarin mota ko duka a gida, ina ba da shawarar wurin, in dai uwar ko kakar ta shirya a tambaye ta nata. Mun koma zuwa sau ɗaya a wata. Fitsarin bai ɗauke gaba ɗaya ba, makon jiya ma sai da na shanya katifa, amma daren Sallar layya ana babbaka kawuna a ƙofar gida, yana tsaye da sauran yara yana toshe hanci yana dariya.