Mai haɗin Labanan ko mai haɗin Cana, ina za ki kai su Hajiya?

Maman biyu, kin ce ku 7 ne, ke da maigida da yara 4 da Hajiya surukarki, kina son gidan abinci mai haɗe-haɗe a nan Kano wanda ba zai yashe aljihu ba, kuma kin rasa wanne tsakanin mai haɗa girkin Labanan da namu da mai haɗa na Cana da jalof. To duka biyun mun je, ɗaya ta wajen Zoo Road ɗaya ta Tarauni, bari in faɗa miki yadda na gani.

Tunda da Hajiya a tafiyar ni dai na Labanan zan ce. Dalili kuwa abincin nasu ba baƙo ba ne a bakin dattijo, ai mu Kanawa mun daɗe muna wannan haɗin tun kafin a sa masa suna, gurasa da alkubus da alkaki duk ta hannun Larabawa suka shigo mana har suka zama namu, kuma Kwarori, wato mutanen Labanan, sun fi shekara ɗari a garin nan, ga Beirut Road can shaida. Ranar da muka je an kawo mana tire ɗaya babba, gasasshiyar kaza da tsire an barbaɗa yajin ƙuli, burodin Larabawa mai laushi, humus a gefe, ga masa da miyar taushe don mai so. Innata da ba ta yarda da abincin waje sai da ta dangwali humus ɗin ta ce wai wannan ai wake ne aka niƙa da riɗi, me za a ɓoye mata, daga nan ba ta ƙara magana ba sai ci. Tire ɗayan nan ya ishe mu mu 6 har muka yi guzurin ragowa.

Na Canan kuwa faranti-faranti ne, kowa da nasa, kin ga lissafi nan da nan yake hawa musamman in yara suka fara nuna hoto a menu suna ni wannan ni wancan. Daɗi akwai, ba zan yi ƙarya ba, taliyarsu da suka soya da tsire da attaruhu ta burge ni, soyayyar shinkafar ma ba laifi, yara kam sun fi murna a can. Amma soya sos ɗin nan gishiri ne zalla, in Hajiya na da hawan jini sai ki yi ta roƙon weta a rage, sannan naman nan mai zaƙi-zaƙi manya ba sa ƙaunarsa, maigidana cewa ya yi wa ya zuba sukari a miya.

Inda na Labanan ya gaza shi ne jira. Mun ba da oda bayan magariba, wallahi har aka kira isha'i ba a kawo ba, ƙaramin ya yi barci a cinyata, sai dai an ce komai a lokacin ake gasawa. Na Canan minti kaɗan abinci ya iso, ga esi ga wajen fakin mai faɗi. Sai dai ba su da ɓangaren iyali, tebur ne a fili samari na ta shige da fice da waya a hannu, shi kuwa ɗayan akwai lungu da labule da darduma, Hajiya za ta iya miƙe ƙafa ta sauke mayafi, ga ɗan wajen sallah na mata.

Ko wanne kika zaɓa, ki tambaya tun kafin ku zauna ko kuɗin menu har da harajin VAT, kashi 7.5 ne kuma wasu sai a ƙarshe suke ɗorawa. Lemon kwalba ma shi ke kumbura bil, ki ce a kawo jog ɗin zoɓo ko ruwa babba a raba. Ki riƙe ɗan tsabar kuɗi saboda netwok ɗin POS, kuma in na Labanan za ku, ki kira su tun la'asar ki ce a ɗora kazar, kar ku je daren Asabar.