Quantum ESPRESSO: yadda na same ta bayan wata shida ina aiki da ita

Na fara amfani da manhajar Quantum ESPRESSO, wadda take lissafa yadda ƙwayoyin zarra suke haɗuwa da juna, ne domin in fahimci yadda iskar kabon monoksaid take manne wa doron ƙarfen filatinam, wato matakin farko na abin da ke faruwa a cikin tukunyar salansar mota, inda filatinam da faladiyam da rodiyam suke mayar da hayaƙi mai guba ya koma mai sauƙin illa. Irin wannan bincike ne ya kai Gerhard Ertl na Cibiyar Fritz Haber da ke Balin ga samun kyautar Nobel a 2007, sai dai shi da na'urorin ɗakin gwaji masu tsada ya yi nasa, ni kuwa kwamfuta ce kawai a gabana.

Babban abin yabo shi ne kyauta ake samun manhajar, ba kamar takwararta VASP ta birnin Biyana na Austriya ba wadda sai an sayi lasisi. Tushenta yana Italiya, musamman birnin Trieste, kuma ba ta ɓoye komai, domin duk wanda ya so yana iya buɗe rubutun da aka gina ta da shi ya ga yadda take lissafi. Sai dai wanda ya saba da latsa maɓalli zai sha mamaki, saboda komai da hannu ake rubuta shi a cikin fayil: matsayin kowace ƙwayar zarra, da girman akwatin lissafi, da sararin da za a bari a saman ƙarfen.

Samfurin da na fara ginawa hawa huɗu ne na filatinam, ƙwayoyi 16 ke nan, na ɗora ƙwayar iskar guda ɗaya a kai. Kwana uku na yi lissafin yana yawo bai tsaya a kan amsa ba, yana cika zagaye 100 ya ajiye aiki. Daga baya na gane cewa ƙarafa suna da wannan hali, kuma da na rage mixing_beta, wato adadin da ke ƙayyade yawan sauyin da ake yi a kowane zagaye, daga 0.7 zuwa 0.3 sai komai ya daidaita kafin in gama sallar la'asar. Wani tarkon kuma shi ne ma'auni, domin manhajar da ma'aunin Rydberg take bayar da jimillar makamashi, alhali yawancin masu binciken doron ƙarfe da wani ma'aunin da ake kira eV suke magana, kuma wanda ya manta ya ninka da 13.6 zai fitar da adadin da zai ba shi kunya a gaban malamai. Ga wanda yake zaune inda wuta ba ta da tabbas, damar ci gaba daga inda aiki ya tsaya ta fi komai daraja; sau biyu aka ɗauke mini wuta cikin dare, kuma da ban sa ta riƙa tsayawa tana ajiye aiki ba, da na koma farko.

Inda na fi jan hankalin mai sha'awa shi ne sakamakon kansa. Lissafina ya nuna iskar ta fi son zama a cikin ramin da ke tsakanin ƙwayoyi uku, alhali gwaje-gwaje sun daɗe da tabbatar da cewa, idan iskar ba ta yi yawa ba, a kan ƙwaya guda take tsayawa. Na ɗauka kuskurena ne, har na yi mako guda ina ƙara hawa ina sauya ma'auni, sai daga baya na ci karo da aikin Peter Feibelman da abokan bincikensa na 2001, wanda ya nuna cewa matsalar tana cikin ƙiyasin da ake amfani da shi ne wajen lissafin makamashin, irin su wanda ake kira PBE, kuma sauran manhajojin ma haka suke bayarwa. Laifin ba na Quantum ESPRESSO ba ne, amma ita ma ba ta yi mini gargaɗi ba, ta bayar da amsar a tsanake kamar babu wata tantama a cikinta.

Ga ɗalibin digiri na biyu da ya iya tsarin kwamfuta na Linux kaɗan kuma yake da malamin da zai duba masa, ina ba da shawarar ya fara da ita ba tare da jinkiri ba. Kwamfutar cinya za ta ɗauki ƙaramin samfuri irin nawa, amma bin hanyar haɗuwar iskar da oksijin ta amfani da neb.x, sashen manhajar da ke yin wannan aiki, ya fi ƙarfin tawa, kuma a yanzu ina jiran a ba ni gurbi a wata babbar kwamfuta kafin in taɓa shi.