Garaɓasar kashi 30 da ta ci min dubu 37, da inda nake cin abinci a Kano

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe wa maigidana littafin lissafi a Kantin Kwari, don haka maganar ragi ba baƙuwata ba ce. Na san yadda ake sa wa turmin atamfa kuɗi, a bar wa mai saye wurin tayawa, a ƙarshe a sallama masa ya tafi yana murna, mu ma muna murna. Amma duk da wannan sanin, wata Asabar sai da aka yi min abin da nake gani ana yi wa wasu, kuma da ƙafata na kai kaina.

Uwargida ce ta gani a Instagram. Wani gidan abinci a Nasarawa GRA, ba zan kama suna ba, ya sa tallar rangwamen kashi 30 ga duk wanda ya zo da iyalinsa a ƙarshen mako. Ta miƙo min wayar ina cikin shan kunu.

"Baban Ummi, dubi wannan. Rabon da ka fita da yaran nan tun ƙaramar Sallah."

Gaskiya ta faɗa. Na ce to, Allah Ya kai mu.

Mu biyar ne, ni da ita da yara uku. Daga Gwammaja muka ɗauki shatar Adaidaita Sahu, naira 2,500 zuwa, haka kuma dawowa. Wurin ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsu ba. Sanyin na'ura tun daga ƙofa, kujeru masu taushi, banɗaki tsaf, har da ɗan lilo a tsakar gida wanda autar tamu ta manne masa. Muka ce a kawo soyayyiyar shinkafa da kaza faranti biyar. Kowane faranti 6,000 a takardar farashi, ke nan 30,000, in an cire kashi 30 saura 21,000. Wannan lissafin na gama shi a kaina tun kafin mu zauna, shi ya sa na ci abincina hankali kwance.

Da aka kawo rasit sai na ga 31,500.

Na yafito yaron da ya yi mana hidima. Yaro ne mai ladabi, ya ɗan rusuna ya ce, "Yallaɓai, rangwamen a kan abinci ne kawai, ban da abin sha." Lemon kwalba biyar, dubu ɗai-ɗai, ruwan roba biyu, ɗari biyar-biyar, dubu shida ke nan. Sai harajin VAT, wanda tun watan Fabrairun 2020 ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5. Wannan na gwamnati ne, ba ni da ja. Abin da ya tsaya min shi ne a kan 36,000 suka lissafa shi, wato kuɗin kafin ragi, ya kama 2,700, alhali da a kan 27,000 ɗin da zan biya aka yi, 2,025 ne. Ga kuma kuɗin hidima kashi 5, shi ma a kan babban kuɗin, 1,800. Autar ba ta cinye nata ba, robar da aka juye mana ragowar ita ma ɗari biyar, ban da abin da ke rasit. Haɗa da kuɗin sahu, fitar nan ta tashi a naira dubu 37. Mafi ƙarancin albashi a jihar Kano 71,000 ne. Wato a zama ɗaya mun cinye fiye da rabin watan wani bawan Allah, kuma wai a garaɓasa muke.

Ban yi rigima ba, gaban yara ne. Sai da daddare, ina kwance abin yana cina, na karɓi wayar uwargida na dinga jan shafin nasu ƙasa. Sati uku baya, hoton farantin nan dai, kazar nan dai, an rubuta 4,500. An ɗaga shi zuwa 6,000, sannan aka yi mana ragi ya dawo 4,200. Ragin gaskiya naira ɗari uku ne a faranti. Na yi dariya ni kaɗai a duhu, don ko a Kwari wanda ya yi wannan sai a ce masa ya iya kasuwa.

Ba wai ban san halin da masu gidajen abinci suke ciki ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi, daga gas ɗin girki har kuɗin dakon tumatir daga 'Yankaba. A watan Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, kuma a shekarar buhun shinkafa sai da ya doshi dubu ɗari. Mai kunna na'urar sanyi daga safe zuwa dare, in wuta ta ɗauke ya tayar da janareto, dole ya fanshe a wani wuri. Ya ƙara kuɗi, wannan halak ɗinsa ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ƙara a ɓoye sannan a fito da ganga ana cewa an rage.

Daga ranar na fara bin kowace garaɓasa da idon akawu, kuma na tarar ba duka ne na yaudara ba. Wanda ya fi gaskiya shi ne ragin rana a ranakun aiki, tsakanin Azahar da La'asar. Dalilin a fili yake: haya tana tafiya, ma'aikata suna tsaye, an riga an dafa shinkafar, kujeru kuma babu kowa. Gara su sayar maka da faranti da lemo a haɗe da ƙaramar riba da su zubar da shi da yamma. Irin wannan haɗin a manyan gidajen kaza na kan Zoo Road na sha cinsa, abin da aka rubuta a allo shi nake biya, ko sisi ba ƙari. Kazar dai ƙarama ce, kada ka sa rai da cinya. Haka ma makon da sabon wuri ya buɗe, suna neman suna, hannunsu a sake yake, naman ma sai ka ga ya fi yawa. Matsalar kawai layi, don duk Kano ta ji labari. Masu gidan burodi da kek kuma, in ka je dab da tashi, wasu suna karya kuɗin abin da ba zai kwana ba.

"Sayi ɗaya a ba ka ɗaya" kuwa sai in da ma biyun za ka saya. Ni da abokin aikina mukan haɗa kuɗi mu yi hakan da shawarma, kowa ya biya rabi. In kai kaɗai ne, ka sayi abin da ba ka yi niyya ba ne kawai, na biyun ya huce a leda. Na manhajar waya ma na gwada sau ɗaya, aka rage min dubu ɗaya, kuɗin kawowa ya ci dubu ɗaya da ɗari biyar, abincin ya iso da sanyi.

Wanda na fi jan kunnen mutane a kai shi ne na buɗa-baki da azumi, irin wanda za ka biya kuɗi ɗaya ka ɗebi duk abin da kake so. Da La'asar, yunwa tana cinka, gani kake za ka iya cinye rago. Ana kiran Magariba ka ci dabino uku, ka kora da kunun tsamiya, ka ɗora ƙosai huɗu da kankana, shi ke nan ciki ya rufe. Ga farfesu, ga gasasshen kifi, ga sinasir, sai dai kallo, ga kuma Asham tana jira. Masu wurin sun fi ka sanin cikin mai azumi.

To ina nake ci in kuɗina nake so ya yi min aiki?

Na farko wata Hajiya ce mai tuwo a wani lungu bayan kasuwarmu. Ba ta da allo, ba ta da suna a intanet, rumfar kwano ce da benci huɗu da manyan kuloli. Tuwon shinkafa, miyar taushe ko kuka ko ɗanyar kuɓewa, ranar Juma'a waina. Taushenta kabewa ce ta gaske da gyaɗa da ɗan yakuwa, ba ruwan tumatir da aka yi wa kauri ba. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ludayi a dama, hagu tana karɓar kuɗi tana cusawa a lalitar da ta ɗaura a ƙugu. In ta gan ni ba ta tambaya.

"Ɗana, yau ka makara. Biyu ko uku?"

"Biyu dai, Hajiya, wata ya yi nisa."

Sai ta sa malmala biyu, ta tsoma ludayi can ƙasan tukunya inda ƙashi da tantaƙwashi suke kwanciya, ta zuba, ta ɗiga man shanu, sannan ta gutsuro rabin malmala ta ɗora a gefe ba tare da ta kalle ni ba. Wannan rabin ba ya cikin lissafi. Gyara ce. Da nama yanka biyu ban taɓa wuce dubu biyu ba, kuma har Isha ba na neman komai. Lokacin wahalar takardun kuɗi a farkon 2023, da aka sauya fasalin naira mutane suna kwana a layin banki, matar nan sati biyu tana ba mu abinci tana cewa a kawo in an samu. Ba ta rubuta ko ɗaya ba. Ni da nake akawu ni na riƙe mata lissafin abin da take bina.

Sai dai in faɗi gaskiya, ba wurin da zan kai uwargida ba ne. Benci ne na maza, kafaɗa da kafaɗa, da zafin Afrilu gumi har cikin ido, ƙuda kuma sai kana ci kana kora. Ruwan wanke hannu a buta ne. Wanda ƙyanƙyami ya yi masa yawa ya aika a sayo masa a kula.

Na biyu gurasa. Duk wanda ya zo Kano bai ci gurasar cikin gari ba, ta wajen Jakara inda ake gasa ta a tanderu, bai gama zuwa ba. Ni bandashe nake so. Mai gurasar zai tsoma ta a ruwa ya ɗaga nan take, ya shimfiɗa a faranti, ya barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli mai yaji har sai farinta ya ɓace, ya kwarara man gyaɗa, ya yanka albasa da tumatir da kabeji a kai. In da hali ka sa a yanka maka tsire ko balangu a gefe. Ka ci ta a wurin, da ɗuminta. In ta kwana a leda ta zama wani abu daban.

Garau-garau kuma shi ne abincin ranar da aljihu ya yi sanyi: shinkafa da wake, mai da yaji, ɗan latas da tumatir, in ka samu soyayyen kifi ka gode Allah. Kusan kowace unguwa akwai mai yi, ka nemi inda 'yan sahu suke cika da rana, ba sa taruwa inda ake cutarsu. In sakwara da miyar agushi nake marmari Sabon Gari nake shiga, amma ina tambayar kuɗin nama kafin a zuba, don a nan lissafi yake tashi. Tsarabar baƙo kuwa kilishin Agadasawa. Ba shi da araha, kuma ban taɓa jin an yi garaɓasarsa ba, sai dai mai shi zai yago maka ɗanɗano kafin ciniki, in ka saya da yawa ya ƙara maka wani yankin a takarda.

Zoo Road da daddare tana tsakiya. Gasasshiyar kaza da kifi da shawarma, akwai wurin zama daidai gwargwado, kuma kana ganin abinka a kan wuta kafin ka biya. In da iyali ne a tafi da wuri, don bayan ƙarfe goma samun sahu aiki ne.

Wancan wurin na Nasarawa fa, abincinsa ba laifi. Shinkafar ta yi, kazar ta ɗan bushe. Abin da na saya da gaske sanyi ne da kujera da banɗaki mai tsafta da wurin da matata za ta zauna ta sake, kuma waɗannan ma abin biya ne, Hajiya mai tuwo ba ta da su. Da sun rubuta min 4,500 ɗinsu ba tare da wata ganga ba, da na biya ban ji komai ba. Yanzu duk inda na ga talla, kafin mu fito sai na kira na yi tambaya uku: da abin sha a ciki, da haraji da kuɗin hidima a ciki, kuma nawa zan miƙa gaba ɗaya in mu biyar ne. Wanda ya fara kame-kame a waya na san amsar.

Jiya Ummi ta same ni ina goge takalmi, ta ce, "Baba, yaushe za mu koma wurin lilon nan?" Na ce mata bayan albashi, ranar Talata in an taso daga makaranta, kuma sai kowa ya ci tuwonsa a gida tukuna. Can ɗin askirim kawai za mu sha. Uwargida daga kicin ta ce ita dai a sayo mata bandashe a hanya.