Yaman da Bairab: Ina Suka Rabu?

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya raba raga Yaman da raga Bairab (raga ita ce tsarin sautukan da ake gina waƙa a kansa a kiɗan gargajiya na Indiya), tunda an gaya maka kowacce sautuka bakwai gare ta, wato Sa, Re, Ga, Ma, Pa, Dha da Ni. Haka ne, sai dai mazaunin sautukan ya bambanta. A Yaman, Ma kaɗai ake ɗagawa da rabin mataki, sauran shida suna nan inda suke. A Bairab kuwa Re da Dha ake saukewa da rabin mataki, sai tazara mai faɗi ta buɗe tsakanin Re da Ga, da tsakanin Dha da Ni, kuma daga nan nauyin amonta yake fitowa. Da masanin kiɗan nan Bhatkhande, wanda ya rasu a 1936, ya kasa nau'o'in raga na Arewacin Indiya gida goma, ya sa Yaman a gidan Kalyan, ita kuma Bairab gidan nata sunanta yake ɗauke da shi.

A ganina babban bambancin yana ga yadda murya take tafiya. Mai rera Yaman bai cika farawa daga Sa ba. Yakan taso daga Ni ta ƙasa, ya tsallake Sa ya kama Re, sannan ya sauke numfashi a kan Ga, wadda ita ce jigon ragar. Mai rera Bairab kuwa, idan ya iso Dha ko Re, ba ya tsayawa cak, sai ya riƙa kaɗa muryar sannu a hankali kamar ruwa a ƙwaryar da aka ɗauko a ka, kafin ya gangara Pa ko Sa. Wanda ya yar da wannan kaɗawar, ko sautukansa sun yi daidai, masana ba za su yarda Bairab ya rera ba.

Lokacinsu ma daban ne: Yaman ta farkon dare ce, bayan faɗuwar rana, Bairab kuma ta asuba ce zuwa hudowar rana. A Arewacin Indiya galibi da Yaman ake fara koya wa ɗalibi, amma a Kudu da raga Mayamalabagaula ake farawa, wadda sautukanta su ne na Bairab.

Idan za ka nemi saurare, kada ka haɗa Bairab da Bairabi. Ita Bairabi sautuka huɗu take saukewa, Re, Ga, Dha da Ni, kuma bisa al'ada da ita ake rufe taron kiɗa.