Libarbar Uberti irin ta 1873 da jiran kwana 10 a Kalifoniya

Duk wanda yake zaune a Amurka kuma yake sha'awar mallakar libarba irin ta zamanin kaboyi, ya kamata ya sani tun kafin ya fitar da ko dala ɗaya cewa tsohuwar kama ba ta mayar da bindiga tsohuwa a idon doka. Daga nan ne yawancin ɓacin ran da ake samu tsakanin masu saye da masu kanti yake tasowa, domin mutum yakan shiga kanti da tunanin cewa kayan tarihi zai saya ya tafi da shi gida a ranar, sai ya tarar da fom, da binciken hali, da kwanakin jira, daidai da wanda ya zo sayen bindigar zamani. Abin da na saya shi ne Uberti 1873 Cattleman, mai cin harsashi .45 Colt, mai bututu inci 5.5, kuma na karɓe ta ne ta hannun wani ƙaramin kanti mai lasisi a jihar Kalifoniya.

Asalin wannan ƙira ita ce Colt Single Action Army, wadda sojan Amurka suka karɓa a 1873 suka yi aiki da ita har zuwa 1892, wadda kuma mutane suka fi sani da laƙabin Peacemaker. Ta ainihin, ko tsohuwa ko sabuwa, kuɗinta ya fi ƙarfin aljihun mai sha'awa na yau da kullum, shi ya sa kasuwar kwaikwayonta ta koma hannun maƙeran lardin Brescia da ke arewacin Italiya, musamman kamfanin Uberti, wanda Aldo Uberti ya kafa a 1959 kuma yanzu yake ƙarƙashin Beretta, da kuma kamfanin Pietta. Tawa ta zo a kan dala 600 da ɗoriya kafin haraji da kuɗin takardu, kuma bayan na riƙe ta na harba ta, ban ga inda aka rage mini wani abu ba.

Dokar tarayya ta 1968 ta raba waɗannan bindigogi gida biyu. Bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin haka, ana ɗaukarta kayan tarihi. Haka ma kwaikwayon da ba ya cin harsashi mai kwanso, wato irin wanda ake ɗura wa albarushi da dunƙulen darma ta gaban gangarsa (sashen nan mai gurabe da yake juyawa), kamar kwaikwayon Colt Navy ta 1851 ko Remington ta 1858. Irin waɗannan, a ƙarƙashin dokar tarayya, ba sa bukatar bi ta hannun dillali mai lasisi, ko da yake wasu jihohi kamar New Jersey sun fi tsauri a kansu. Amma ƙirar 1873 harsashi mai kwanso take ci, irin wanda ake sayarwa a kowane kanti yau, saboda haka kwaikwayonta cikakkiyar ƙaramar bindiga ce a hukumance. Sai mai shekara 21 zai saye ta daga dillali, sai ya cika fom mai lamba 4473, wanda yake tambaya a kan manyan laifuffuka da shan ƙwaya da cin zarafin iyali, kuma yin ƙarya a cikinsa babban laifi ne. Masu lasisin tara tsofaffin makamai ma ba su tsira ba a nan, domin sassaucin jiran da Kalifoniya take yi musu ya shafi bindigogin da aka amince kayan tarihi ne, waɗanda galibi sun kai shekara 50, ba wadda ta fito daga masana'anta bara ba.

A nan kantin ya fara burge ni. Kafin in biya kuɗi, dattijon da yake kula da teburin takardu ya zayyana mini abin da zan zo da shi: katin shaida na jiha, takardar da ke tabbatar da adireshin zama, da satifiket na sanin ƙa'idojin riƙe bindiga, wanda ake samu bayan jarrabawa mai tambaya 30 a kan dala 25, kuma yana aiki shekara 5. Ya kuma bayyana mini cewa ko da yake Kalifoniya tana da jerin ƙananan bindigogin da aka yarda a sayar a jihar, libarba irin wannan, da sai an ja gudumarta, wato ƙarfen baya da yake buga harsashi, da hannu kafin kowane harbi, an cire ta daga wannan sharaɗi muddin bututunta ya kai inci 3 kuma tsawonta gaba ɗaya ya kai inci 7.5. Kuɗin takardun jiha dala 37.19 ne, sannan tun daga Yulin 2024 akwai ƙarin harajin kashi 11 cikin ɗari a kan bindigogi da harsasai. Mai kanti na gari shi ne wanda zai faɗa maka waɗannan tun farko, ba sai ka ga jimilla a kan rasit ba.

Inda suka gaza, kuma ina ganin gazawa ce mai nauyi, shi ne wajen sanarwa. Ba su da irin wadda nake so a kanti, sai da aka yi odarta, kuma da ta iso ba wanda ya kira ni. Ta kwana a ma'ajiyarsu har sai da na buga waya na tambaya. Wannan sakaci yana da tsada a Kalifoniya, domin agogon jira ba ya farawa ranar da ka biya kuɗi, ba ya farawa ranar da kaya suka iso, yana farawa ne daga lokacin da dillali ya tura bayananka ga ma'aikatar shari'a ta jiha ta tsarin da ake kira DROS. Duk ranar da bindiga ta yi a ajiye ba a tura takarda ba, ƙari ce a kan kwanakin doka, kuma mai saye ne yake ɗaukar asararta. Kanti da yake rayuwa a ƙarƙashin irin wannan doka bai kamata ya bar saƙon waya guda ɗaya ya gagare shi ba.

Shi kansa jiran, lissafinsa na sa'o'i ne. Kwana 10 na nufin sa'o'i 24 sau 10 daga daidai lokacin da aka tura takarda, saboda haka wanda aka tura tasa da ƙarfe huɗu na yamma ba zai karɓa da safiyar rana ta goma ba, ko da bincikensa ya fito tas tun a rana ta biyu. Dattijon ya ɗauki biro ya zagaye kwanan wata da sa'a a kan takardata, ya ce: "Yallaɓai, kada ka zo kafin wannan lokaci, na'ura ba za ta bar ni in miƙa maka ba ko da saura minti biyar." A gefe guda kuma akwai iyaka: idan ba ka karɓa ba cikin kwana 30, takardar ta mutu, sai a sake daga farko da sabon kuɗi da sabon jira. Ma'aikatar tana kuma da ikon tsawaita binciken har kwana 30 idan sunanka ya yi kama da na wani ko aka ga wani tsohon rikodi da ba a warware ba. Wanda yake da tafiya a gabansa ya duba kalanda kafin ya sa hannu.

Ba ko'ina a Amurka abin yake haka ba. Dokar Brady ta 1993 ta kawo jira na wucin gadi har kwana 5 na aiki a kan ƙananan bindigogi, daga 1994 zuwa 1998, lokacin da tsarin binciken nan-take na FBI, wato NICS, ya fara aiki. Tun daga nan tarayya ba ta da kwanakin jira na dole, sai dai idan bincike bai kammala ba, ana ba shi kwana 3 na aiki. Jihohi ne suke ɗora nasu: Illinois sa'o'i 72, Fulorida kwana 3 ban da ƙarshen mako da ranakun hutu, Kolorado kwana 3 tun 2023, jihar Washington kwana 10 na aiki tun 2024. A jihohi da yawa kuwa mutum yana iya fita da bindigarsa cikin sa'a guda.

Na ji masu saye da yawa suna ƙorafi cewa babu ma'ana a tsare mutum kwana 10 saboda bindigar da ake ɗura wa harsashi ɗaya bayan ɗaya, musamman idan yana da wata a gida. An ma kai wannan magana kotu, kuma a 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanki na 9, wanda Kalifoniya take ciki, a shari'ar Silvester da Harris, ta tabbatar da jiran har ga wanda ya riga ya mallaki bindiga. Ina fahimtar ƙorafin, amma ba na tare da shi. Harsashin .45 Colt bai san cewa ƙirar bindigar da ta harbo shi ta shekara 150 ba ce, kuma an yi dokar ne domin mutumin da ya shigo kanti da zuciya a tafashe ko da niyyar hallaka kansa, wanda mai kanti ba shi da hanyar bambanta shi da ni. Wani nazari da malaman jami'ar Harvard suka wallafa a 2017 ya gano cewa dokokin jira suna rage kisan kai da bindiga da kimanin kashi 17 cikin ɗari. Idan farashin hakan shi ne mai sha'awar tarihi ya ƙara mako ɗaya da rabi kafin ya je filin harbi, ni dai na ga ya cancanci a biya.

Ranar karɓa an sa ni na nuna a gabansu cewa na iya cire harsashi da kulle bindigar, da harsashin gwaji mara albarushi, sannan aka haɗa mini da makulli. Sai a lokacin na samu damar duba ta da kyau. Jikinta yana da dabbare-dabbaren shuɗi da toka da ruwan ƙasa, irin wanda ƙarfe yake yi idan an gasa shi, bututun da gangar kuma baƙin shuɗi ne mai sheƙi. Mariƙin katako ne guda, an zaunar da shi a jikin ƙarfen ba tare da wani gefe da yake cizon tafin hannu ba. Nauyinta ya ɗan haura kilo ɗaya, kuma yana zaune ne a tsakiya, ta yadda idan ka miƙa hannu bakin ba ya rinjaya ƙasa. Idan ka ja gudumar baya da babban yatsa, gangar tana juyawa ta tsaya cak, ba ta girgiza.

Ɗura ta aiki ne na natsuwa. Za ka ja guduma rabi, ka buɗe 'yar ƙofar da ke gefen dama, ka juya ganga da yatsa kana saka harsashi ɗaya-ɗaya, bayan harbi kuma ka riƙa tunkuɗo kowane kwanso da sandar da ke ƙarƙashin bututu. Gangar tana da gurbi 6, amma tsohuwar ƙa'ida ita ce a ɗura 5: ka saka ɗaya, ka tsallake ɗaya, ka saka huɗu, ta yadda idan ka sauke guduma za ta kwanta a kan gurbin da babu komai. Dalili shi ne a ƙirar 1873 allurar da take bugun gindin harsashi tana manne da gudumar, kuma idan bindigar ta faɗi ƙasa tana iya tashi da kanta. Samfurin Uberti mai suna Cattleman II yana da allura mai komawa ciki sai an ja kunama, duk da haka masu gasar harbin kaboyi ta ƙungiyar SASS, wadda aka kafa a 1987, biyar suke ɗurawa, kuma ni ma haka nake yi.

A filin harbi ta yi abin da ake tsammani daga ƙirar wancan zamani. Saitinta a kafe yake, tsaga ce kawai a bayan jiki da ɗan ƙarfe a tsaye a baki, ba a murɗa shi dama ko hagu, saboda haka kai ne za ka koyi inda take kai harsashi ka daidaita kanka. Mariƙin yana barin ta ta mirgina sama a hannu idan ta tashi, abin da yake sassauta bugun kuma yake kawo gudumar kusa da babban yatsa domin harbi na gaba. Harsashin da ya dace da ita shi ne mai sauƙin ƙarfi mai kan darma, wanda ake sayarwa domin gasar kaboyi. Akwai .45 Colt mai ƙarfi sosai da aka yi domin manyan libarbobin zamani masu kaurin jiki, kuma bai kamata ya shiga cikin wannan ba ko sau ɗaya.

Ba zan ba wanda yake neman bindigar tsaron gida shawarar ya saye ta ba, domin jinkirin ɗurinta da sai an ja guduma kowane harbi sun sa ba aikinta ba ne. Ta mai son tarihi ce da mai son gasa. Shi ma ya duba kuɗin harsashi kafin ya yanke shawara, domin .45 Colt yana da tsada, alhali ana yin wannan ƙirar a .357 Magnum, wadda take cin .38 Special mai rahusa, kuma wanda zai riƙa harbi kowane mako zai ga bambancin a aljihunsa cikin 'yan watanni. Kantin kuwa zan koma masa saboda dattijon teburin takardu, amma zan nemi a rubuta mini a rasit ranar da ake sa ran isowar kaya, kuma zan tambayi jimillar kuɗin miƙawa da haraji kafin a yi oda.